Ƙuri'u Goma Sha Tara da Raken Baba

Assalamu alaikum Edita. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na iya rubuto muku wannan, don har yau mutum ɗaya kaɗai na taɓa faɗa wa a garinmu. Lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai. Na gama makarantar horon malamai, aiki bai samu ba, sai na koma ƙauyenmu da ke gefen Gubuchi ina noman rake da masara kamar kowa. Sai dai ban ɗauki kaina kamar kowa ba. Ni ke karanta wa mutane takardar asibiti, ni ke cike musu fom, ni ke fassara musu labaran da suka shigo waya, har kaina ya kumbura ina ganin duk garin ni kaɗai ne mai ido. Da zaɓe ya ƙarato, jam'iyyar da garinmu ke bi ta naɗa ni wakilinta a rumfarmu. Aka ba ni hula da riga mai hoto, na riƙa taku kamar ni ne ɗan takarar.

A wajenmu jam'iyya gado ce. Iyayenmu sun bi ta, mu ma muka tashi a cikinta, ƙauyen da ke tsallaken rafi kuma suna ɗaya ɓangaren, har ta kai idan zaɓe ya zo ba ma zuwa sunan juna. Da za ka tsayar da mutum goma a kasuwar Makarfi ka tambaye su aikin ɗan majalisar jiha, da wuya biyu su ba ka amsa, kuma ni mai takarda ba zan shiga cikin biyun ba. Abin da muka sani kawai shi ne namu da nasu. Aikin da aka ba ni shi ne in koya wa tsofaffi da mata yadda za su dangwala. Aka ba ni samfurin takardar zaɓen gwamna, na shiga gida gida. Da na nuna wa wata gwaggona alamar jam'iyya sau biyu ta kasa riƙewa, sai haƙurina ya ƙare. Na ce a raina waɗannan ba za su taɓa ganewa ba, ɓata lokaci ne. Sai na sauƙaƙa wa kaina, na ce musu su manta da alama, su ƙirga gida na uku daga ƙasa su dangwala a nan. Haka na bi gidaje ina maimaitawa, ina jin daɗin dabarata.

Ranar zaɓe aka ba kowa takarda biyu, ta gwamna da ta ɗan majalisa. Da la'asar aka zazzage akwati a gaban jama'a. A ta gwamna kusan duka namu ne, muka yi ta sowa. Da aka zo ta ɗan majalisa, sai malamin zaɓe ya fara ɗaga takardu yana kiran sunan ɗaya jam'iyyar, ɗaya bayan ɗaya, har goma sha tara. A rumfar da ba a taɓa ba su ko biyar ba! Washegari shugaban jam'iyya na mazaɓarmu ya kira ni a gaban mutane ya wanke ni tas, ya ce akwai munafukai a akwatina, kuma idan ban san su ba to ni ne na ashirin ɗinsu. Na dawo gida cike da kunya da haushi, na rantse sai na zaƙulo su.

A teburin mai shayi muka zauna muna lissafa gidaje kamar masu rabon gado. Sunan da na fara jefawa shi ne na wani dattijo da nake kira Baba, aminin mahaifina marigayi, wanda ya tsaya a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Hujjata biyu ce. 'Yarsa tana aure a Ikara a gidan 'yan ɗaya ɓangaren, sannan ya taɓa tambaya a majalisa me ɗan majalisarmu ya yi game da kwalbatin da ruwa ke cinyewa duk damina. Na ce gidansa da gidajen ƙannensa idan aka haɗa za su kai goma sha tara. Ban ga ƙuri'ar kowa ba, amma na faɗa da bakin mai ilimi, aka kuwa yarda.

Lokacin na matsar rake ne. Injin mazarƙwaila ɗaya ne a garinmu, mai shi kuma ɗan gani-kashe-nin jam'iyya ne. Duk manomin rake ya san ba ka sara sai an ba ka rana a injin, domin rake idan ya kwanta kwana kaɗan ruwansa ke tsotsewa ya fara tsami. An riga an ba Baba rana, ya sare fadamarsa gaba ɗaya, aka jibge a bakin injin. Da ranar ta zo mai injin ya ce bel ɗin da ke juya injin ya tsinke. Washegari ya ce babu mai. Alhali muna ji injin na kuka yana matse na wasu. Baba ya nemi motar da za ta kwashe masa zuwa wani injin wajen Likoro, direbobin garinmu kowa ya ce yana da lodi. Ina wucewa ta wurin kullum ina ganin tsohon a zaune kan tulin rakensa ya rufe shi da ganye, ƙudaje na bin sa. Yana gaishe ni da sunan da mahaifina ke kirana, ni kuwa in amsa a daƙile in ƙara sauri. Kafin mota ta zo daga Ikara an kwana tara. Abin da aka matsa bai daskare ba, ya tsaya kamar kunu, noman shekara guda ya tafi. A wannan shekarar Baba ya sayar da shanun huɗarsa, daminar da ta biyo baya da fartanya ya yi ta, yana da shekara kusan saba'in.

Kamar wata guda bayan zaɓen, wata rana da hantsi ina cin ɗumame a ɗakin mahaifiyata, sai ta ɗauko hirar zaɓe tana yabon kanta. Ta ce ita dai ba ta ba ni kunya ba, ta ƙirga na uku daga ƙasa a takarda ta fari, ta sake ƙirgawa a ta biyu, kuma ta tsaya a layi tana tuna wa matan unguwarmu kada wadda ta kauce wa abin da Malam, wato ni, ya ce. Na ajiye lomar da ke hannuna. Na fita na buɗe wayata, na nemo hoton takardar ɗan majalisa da na ɗauka ranar ƙirga. Jam'iyyun da ke cikinta ba su kai na takardar gwamna yawa ba, saboda haka jerin ya goce. Gida na uku daga ƙasa na ɗaya ɓangaren ne. Munafukan da nake farauta uwata ce da gwaggona da matan da suka fi kowa jin maganata.

Tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Idan na ji an yi dariya a teburin mai shayi sai in ce shi ke nan an gano. Ina tsoron ranar da wata tsohuwa za ta yi irin hirar nan a gaban wani mai lura, domin na ga abin da aka yi wa Baba a kan zato kawai, kuma mahaifiyata ma tana da 'yar fadamarta. Sai da na shekara ina fama kafin na iya zuwa zaurensa. Na durƙusa na faɗa masa komai, na ce na zalunce shi, na ɗora masa laifin da bai yi ba. Ya ce ya yafe mini albarkacin mahaifina, amma in gyara magana ɗaya. Ya ce shi da idonsa ya nemo alamar ɗaya jam'iyyar ya dangwala mata da saninsa, saboda kwalbatin nan, don haka ɗaya daga cikin goma sha taran tasa ce. Ya tambaye ni, ashe da duka goma sha taran na gidansa ne, da raken nasa ya halatta ya ruɓe ke nan? Na je neman gafarar kuskuren lissafi, ashe ban ma gane ainihin laifin da na yi ba. Da na miƙe zan tafi ya ƙara da cewa shi da layin zaɓe har abada, bai da wani raken da zai sake bayarwa.

Abin da ke hana ni sukuni ke nan, Edita. A duk rumfarmu mutum ɗaya ne na tabbata ya yi tunani kafin ya dangwala, ya auna aikin da aka yi masa da wanda ba a yi ba, shi ne kuma muka kora. Saura mu, masu dangwala inda aka nuna mana da masu nunawa cikin raini. Idan haka ake yi a sauran rumfuna, ban san me zai rage a wannan dimokuraɗiyya ba in ban da layi da tawada.

Ina roƙon 'yan'uwana masu ɗan ilimin boko a ƙauyuka, idan an ba ku aikin wayar da kai, ku yi haƙuri ku zauna ku koyar, ko sau goma ne, iyayenmu ba dabbobi ba ne da za a kora su ta ƙofa ɗaya. Idan kuma an ƙirga ƙuri'a kun ga wadda ba taku ba, ku bar ta a akwati, kada ku bi ta gida. Wani zaɓen na tafe, an riga an aiko mini da sabuwar hula, har yanzu kuma ban sami ƙarfin halin tsayawa a gaban masallaci in wanke gidan Baba daga zargi ba. Ku sa ni a addu'a Allah ya ba ni ikon yi tun tsohon yana da rai.