Baƙon da Ke Shiga ta Cibiya

A gidanmu na Ruma, in an idar da isha'i, kakarmu Iya Hanne kan ƙara itace a murhu mu kewaye ta, shanu na tuƙa a bayan danga. Akwai tatsuniya ɗaya da ba ta dariya in tana yin ta.

"Ga ta nan, ku matso, ta yau ba ta masu gyangyaɗi ba ce."

Wai wata mata ce, kusan duk haihuwarta sai wani baƙo ya zo. Ba ya sallama, ba ya bin ƙofa. Ta toshe taga, ta sa wuƙa ƙarƙashin matashi, amma ana gab da suna sai jariri ya ƙi nono, muƙamuƙi ya ƙulle, baya ya gantsare. Rago na ɗaure, a wuce da yaro makabarta.

Na ce, "Iya, ta ina yake shiga?"

"Uwar tambaya! Da na sani, da yanzu kina da baffanni cike da gidan nan."

Ashe ita ce matar.

Iya ce ke yanke cibiya a unguwarmu, da wata aska da take sokewa a rufin ɗaki, sannan ta barbaɗa busasshen kashin shanu don cibiyar ta faɗi da wuri.

Ina sakandare a Batsari malama ta yi mana bayanin tsinkau-tsinkau: ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta shiga ta rauni, ta saki dafin da ke ɗaure jijiyoyi. Nan take na tuna askar Iya da kashin shanun da take barbaɗa wa cibiya. Ban taɓa gaya wa Iya ba.

Da na haihu a Safana, Iya ta zo da ƙullin kashin shanunta a bakin zane.

"Miƙo angon nawa in gyara masa cibi."

Na ƙanƙame shi. "Iya, an riga an sa masa na asibiti."

Ta dube ni. "Hannuna ya tsufa ke nan."

Ranar suna ta zauna tana kallon bakinsa yana tsotso. Ta taɓa muƙamuƙinsa da yatsa, a hankali ta ce, "Bai zo ba. Alhamdu lillahi."

Ta rasu tana zaton raina hannunta na yi. Na gwammace ta tafi da wannan ɓacin ran da ta san ta inda baƙon ke shiga. Allah Ya haɗa ta da 'ya'yanta a Aljanna.