Malam Garba da Benen Katakon Ifako

Duk wanda ya san Malam Garba Kafinta a Agege ya san ba ya amsa sallama sai ya gama ƙwanƙwasa ginshiƙi. Zai kara kunne jikin katako, ya ɗaga mini hannu: "Yi shiru, Malam Idi, ina sauraron gara."

Gidan fa ba nasa ba ne. Tsohon bene ne na wasu Yarbawa manoman koko a Ifako, tun wurin yana gona, baranda ta zagaye shi, tagogi duk na katako. Gadi aka ba shi, shi kuwa ya rantse ba za a rushe shi yana numfashi ba.

Ranar sunan jikarsa a gidan ya tsare gindin matakala, baƙi huɗu-huɗu suke hawa. Sai ga Alhaji Bala mahauci da tumbinsa.

"Alhaji, dakata. Kai mutum biyu ne."

"Haba Garba! Ni fa na kawo ragon!"

"Ragon ya hau tun ɗazu. Kai sai biyu sun sauko."

Da jikan masu gidan ya aiko da tagogin gilashi a sauya, sai ya shimfiɗa su a tsakar gida yana shanya barkono a kai. "Ku ce wa oga na gode, suna aiki sosai."

Daga baya jikan ya zo da injiniya, a rubuta gidan ya mutu, a rushe a zuba shaguna. Rana tsaka, ba wutar lantarki. Malam Garba ya hau sama ya yi tsalle uku, ni ina ƙasa ina salati. Benen ko motsi! Sannan ya buɗe tagar gabas da ta yamma, ya ajiye wa injiniya kujera a baranda. Wallahi kafin la'asar bawan Allah ya yi barci.

"Oga, ga rahotonka nan yana minshari. Kakanka ya san hanyar iska."

Jikan ya yi dariya har da hawaye, ya ce a bar maganar tukuna.

Da ciwon ajali ya kwantar da Malam Garba, ya sa na rubuta da ajami tagar da ake buɗewa a kowane wata, da katakon da ke son mai. Ranar sadakar uku jikan ya zo, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma ya ce in karanta masa rubutun a hankali, zai kwafa.

Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya yalwata kabarinsa, Ya saka masa da gidan da ba mai cewa a rushe. Amin.