Ɗauko Ado Daga Masanawa

Ni fa tun farko babu ruwana da wannan magana, cusa ni aka yi. Ina zaman zamana a gindin inji da gwangwanin giris a hannu, ban tsokani kowa ba, aka ɗora mini tafiyar da har yau ta ƙi fita daga kaina. Tunda ku sababbin zuwa kun dame ni da tambayar yadda mutum yake baro ƙauye ya kama aiki a nan, to ku gyara zama, in ba ku labarin mutum ɗaya kafin jiniya ta busa.

Lokacin, kamfanin nan namu na matsar man gyaɗa bai daɗe da buɗewa ba. Duk unguwar nan da kuke gani a bayan Kano, mai layin gidajen kwano da famfo a bakin titi, rabinta gonakin dawa ne. Kullum ka tashi sai ka ga an haƙa sabon harsashi. Nan masaƙa, can masu sabulu, gaba kuma wasu da ko su ba su gama sanin abin da za su ƙera ba. Mutane na ta kwararowa. Wanda ya iya riƙe sifana ba ya yawon neman aiki, aikin ne yake yawon nemansa.

Bari in gaya muku tsarin, don wasunku har yanzu duk wanda suka gani da wandon kaki sai su durƙusa. A ƙasa akwai lebura, masu ɗaukar buhu. Sai irinmu masu zuba giris, an yarda mu shafa inji amma ba a yarda mu kwance shi ba. Sai fita, shi ne mai kwancewa da ɗaurawa. Sai helma, mai yi wa kowa tsawa. Sai injiniya, wanda yake yi wa helma tsawa da Turanci. Ni aji huɗu na yi a elementare ta Gwarzo kafin mu rabu baram-baram da malamin lissafi, saboda haka Turancin tsawar nan kaɗai nake ganewa, shi kuwa ina gane shi sarai.

To, da kakar waccan shekarar aka kawo sabon babban inji, ga shi kuma fita ɗaya ya gudu wajen 'yan reluwe. Helmanmu Malam Inuwa yana ta mita babu hannu. Ni kuma don hira ta yi daɗi sai na ce, "Ai a Kabo akwai wani Ado, shi ke kula da injin niƙa na kasuwa. In motar gyaɗa ta mace a hanyar Gwarzo, shi ake aika wa."

Malam Inuwa ya juyo. "Ka san shi?"

"Farin sani. Tare muka sha duka a gonar rake."

"Madalla. Gobe motar kamfani za ta Kabo lodin gyaɗa, ka bi ta. In ta juyo, ina so in gan shi a kan buhunan. In ba ya kai, injiniya yana da wani nasa da yake son cusowa, shi ke nan gurbin ya rufe."

Na ce, "Malam, ni giris aka ɗauke ni zubawa, ba dillancin mutane ba."

Ya ce, "Da kake tallarsa ba ka tuna da giris ba."

Haka na tsinci kaina a bayan mota, ina ta tsine wa bakina.

Mun isa Kabo kasuwa ta cika, buhuna jibge a gaban sikeli, jakuna sai shigowa suke. Direba ya ce lodi zai kai gobe, kafin azahar zai ɗaga, kuma ba ya jiran ko hakimi. Na sami Ado a rumfar niƙa, fari fat da gari tun daga gira har ƙafa. Dogo ne, maganarsa sai ka matso. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai kawai ya kashe injin. Matan da ke layi da ƙwarya suka hau shi da faɗa, bai ma ji su ba.

"Iro, da gaske? Har da injin da ke ba da lantarki?"

"Har da shi. Za ka taɓa shi da hannunka, in ka ga dama ka kwana a jikinsa."

Ya yi murmushi, sai kuma fuskar ta koma. "Sai an je gida."

"To hau keke, ka je ka gaya musu."

"Ni? Ba ni zan faɗa ba. Kai za ka faɗa."

A nan ne na gane ramin da na faɗa. Ado ɗan fari ne. Mu ma a Gwarzo ana kunyar ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, amma a cikin gari abin ya yi sako-sako. Gidansu Ado kuwa a Masanawa, asalinsu masu shanu ne da suka zauna suka kama noma, sun riƙe abin da hannu biyu. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi sashen ƙanen ubansa, Baffa Sale. Uban, Malam Buba, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa aikensa ba. In suka haɗu a hanyar gona, ɗaya ne zai ratse. Gida ɗaya suke, ba su taɓa yin hira ba.

Na ce, "To ai da sauƙi. Baffa ya rene ka, Baffa za mu tambaya."

Ya girgiza kai. "Baffa ne ya rene ni. Amma in wancan bai yarda ba, ko bakin gari ba zan fita ba."

Ku ji fa. Mutumin da ba ya magana a kanka, shi ne kuma sai ya yarda. Ni kuma an ba ni zuwa azahar.

Na ari keke, bayan la'asar muka isa Masanawa. Muka tarar da Malam Buba a zaure yana ɓare gyaɗar iri, Baffa Sale na gefensa. Ado bai shigo ba, ya zauna a waje jikin bango, kafaɗarsa kaɗai nake hangowa. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Aka tambayi gajiya, aka tambayi mutanen Gwarzo, aka tambayi mutanen Kano kamar duk a hannuna suke. Aka kawo fura da nono irin wadda rabona da ita tun barina gida. Sannan na gyara murya na buɗe kanti.

Na zuba musu. Na ce fitila babu kananzir, ruwa babu guga. Na ce ana koya wa ma'aikata karatu da yamma, wanda ya shiga da sifana ɗaya gobe shi ne helma. Na ce unguwar kullum faɗi take yi, wanda ya zo da wuri shi ke samun fili. Wasu abubuwan gaskiya ne, wasu na ɗan zuba musu giris.

Malam Buba bai ɗago ba. Can sai ya ce, "Injin nan naku, yana cin hannun mutum?"

Na so in yi wasa, sai na ga ba wurinsa ba ne. "In mutum ya yi sakaci, Baba, yana ci."

"Akwai masallaci kusa?"

"Akwai, Baba."

"Ana samun nono?"

"Ana kawowa. Sai dai rabinsa famfo ne ya tatsa."

Na ga gefen bakinsa ya motsa. Na ce a raina na kama shi. Sai na yi gaba gaɗi na ce, "To Baba, me zan gaya wa helma game da Ado?"

Ina ambatar sunan, zauren ya yi tsit kamar na fasa tukunya. Malam Buba ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya ce, "Bana gyaɗa ta yi a wajenku kuwa?" Bai jira amsa ba, ya miƙe ya nufi wajen shanu.

Shi kuwa Baffa Sale dama jira yake.

"Ka ji amsarka, ɗan birni. Sha furarka ka kama hanya."

"Baffa, ai bai ce a'a ba."

"Bai ce e ba."

"Mu a kamfani, in injiniya ya yi shiru, an wuce wurin ke nan."

"Nan ba kamfani ba ne. Shirun Yaya ni na san shi tun ba a haifi ubanka ba."

Na ce, "Baffa, kar ka tsufar da kanka haka, har yanzu da sauranka."

Bai yi dariya ba. Ya ce ɗan maƙwabcinsu ya tafi birni, ya dawo da Salla ya gai da uwarsa a tsaye, hannu cikin aljihu. Ya ce wa zai riƙe garmar shanu in damina ta faɗi, shi da gwiwa ta fara ba shi labari? Duk wannan ina da amsa, ina ta mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya sassauta murya.

"Kun gan shi da ƙarfe a hannu kun ce naku ne. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da shi, ni na riƙa saɓa shi a kafaɗa ina zagaya gidan nan. Uwarsa tana leƙe ta asabari, ba ta da ikon fitowa ta taɓa shi a gaban mutane. Ni Allah bai ba ni namiji ba, shi aka ba ni. Yanzu ka zo da keken aro za ka ɗauke."

Bakin nan nawa da ba ya mutuwa, ranar ya kwanta.

Da muka fito, Ado ya ce, "Iro, gobe ka koma kawai. Ka ce ba a same ni ba." Ya faɗa yana kallon hannuwansa. Ni ban damu da tsawar Malam Inuwa ba, na saba. Abin da ya tsaya mini shi ne, ga mutum zai rasa abin da ransa yake so, ba don an hana shi ba, sai don babu bakin da aka yarda ya ba shi izini.

Washegari da hantsi, an gama tatsa, ina duba iskar keke a tsakar gida. Ado yana da saniya guda, jikar karsanar da aka ba shi ranar suna. A irin gidansu wannan ba a sayarwa, ba a taɓawa, kuma tun da can a sashen Baffa take ɗaure, inda mai ita yake. Sai ga Malam Buba ya fito da turke da taɓarya. Ya kafa turken a ƙofar ɗakinsa, ya buga shi sosai. Ya wuce sashen Baffa ba tare da ya ce da kowa komai ba, ya kwance saniyar, ya jawo ta a hankali ta tsakiyar gida, ɗan maraƙinta na biye.

Masu daka suka tsaya. Wata dattijuwa da ke tankaɗe ta ajiye rariya, ta shige ɗaki ta saki asabari. Daga baya na ji ita ce ta haifi Ado.

Na matsa kusa da Ado na ce, "Kai, ƙwace ta ya yi? Duk surutuna ne ya jawo maka?"

Na duba, sai na ga hawaye na bin fuskarsa.

"Iro, a gidanmu wanda zai yi doguwar tafiya ne ake karɓar masa riƙon dabba."

Na sha tuna wannan safiya. Mu a nan, in aka ɗauki mutum, hannunsa ake dubawa, a nuna masa inji, a ce gobe ya zo kafin jiniya. Ba wanda yake tambayar wa ya sake shi ya taho, ko da wane irin hali aka sake shi. Kuma kar ku ɗauka Baffa ne mugun labarin. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, har da na masu gaisuwa a tsaye, ni kaina an taɓa kama ni. Shi ya sa yanzu in na ga sabon yaro ya zauna a bayan rumfar kaya yana kallon hanyar da motoci ke shigowa, ba na tsokanarsa a ranar. Sai gobe.

Baffa dai bai haƙura nan take ba. Ya biyo yayansa har gindin turken.

"Yaya, ɗaure saniya ba magana ba ce. Yaron nan naka ne, na sani kana sonsa ko ba ka faɗa ba. Sau ɗaya dai, ka buɗe baki. Kalma ɗaya ce, ka ce masa ya zauna, wallahi ko motar sarki aka kawo ba zai hau ba."

Ado ya sunkuyar da kai, don ya san gaskiya ne. Ni ma na saki keken. Abin da Malam Buba ya faɗa shi ya kashe maganar, kuma kafin azahar mu biyu muna kan buhuna. A gindin turken nan, bai dubi ɗan ba, bai dubi ƙanen ba. Ya ja igiyar ya ƙara ƙulle ta, ya shafa wuyan saniyar, sannan ya ce:

"Sale, tun da aka haife shi ban taɓa ce masa zo ba. Yau kake so in fara da zauna?"