Jarkar da ke bayan ƙofa

Ya sani ne, ko bai sani ba? Ranar da maigidana ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in raka shi dutse, ya san hawansa na ƙarshe ke nan, ko kuwa roƙon da ya saba yi ne kawai? Shekara biyu ina juya tambayar nan. Ni ban yi karatu ba, matar wani ɗalibi maƙwabcinmu ce ke rubuta mini wannan, kuma na ce mata in na yi kuka ta ajiye alƙalami ta jira ni.

Akwai wata shuɗiyar jarka a bayan ƙofarmu a nan unguwar Zahir, cikin Makka. Duk mai shara sai ya ture ta, ni kuma na hana a ɗauke. In na gan ta sai in tuna tsohuwar unguwarmu Misfala, tun kafin a rushe gidajenmu a gina dogayen benaye.

A gida ɗaya muka tashi da maigidana. Ɗan kawuna ne, ya girme ni da shekara huɗu. Kakanmu shi ne babba a gidan, mai tsire ne, kuma ƙamshin ƙuli da hayaƙi ba ya barin rigarsa ko an wanke. Yana da wata ɗabi'a da ta dami kakarmu. Duk ƙashi da jijiya da guntun kitsen da ya rage, ba ya zubarwa. Sai ya shanya su a kan rufi, ya tara a buhu. Ranar Alhamis, don a lokacin Alhamis da Juma'a ne hutu, sai ya cika salka biyu da ruwa, ya ɗauki buhun, ya nemi motar da ke bin hanyar Ɗa'ifa. Mu biyu yake ɗauka. Ni yana kirana amaryarsa, ya ce ba zai bar ni a gida wani ya sace ba.

A gindin dutse motar ke sauke mu. Akwai wata tsohuwar hanya ta duwatsu da raƙuma ke bi a da. Kafin mu gama gyara kaya sai ka ga karnuka sun gangaro, na wani makiyayi ne mai awaki a wajen, sirara masu dogayen ƙafafu. Ba sa haushi. Sai su shige gaba, mu bi su. In mun yi nisa a baya su tsaya a kan dutse su jira, harshe a waje.

Ina tuna iskar wurin, mai sanyin da babu irinsa a cikin Makka. Ina tuna magarya da muke tsinka, da ƙaya da ke kama mini zane, da birai da ke zaune a sama suna kallonmu kamar masu jiran a ba su haya. Ni tsoron karnukan nake ji. Kakarmu ta riga ta cika mini kunne cewa in yawunsu ya taɓa ni sai an wanke sau bakwai har da ƙasa, don haka nake tafiya ina tattare zane. Yayan nawa, wanda ya zama mijina, ba abin da yake so irin ya ga haka. Sai ya ce matsoraciya, ga shi nan bayanki, in yi tsalle, shi da kaka su yi ta dariya.

Can sama, bayan an bar hanya an ratsa ta wani tsagi, akwai dutse mai kwarmi kamar turmi, a ƙarƙashin inuwa. Nan kaka ke juye salkunan, ya jawo wani falalen dutse ya rufe rabin bakin don kada rana ta shanye. Ya zazzage buhun a gefe. Sa'an nan mu koma nesa kaɗan, ya wanke hannu, ya hura wuta ya dafa shayi, mu ci gurasa da dabino.

Sau ɗaya tak na ji dalili. Na tambayi kaka me ya haɗa shi da karnukan da ba nasa ba. Ya ce lokacin da ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, yana saurayi, wani kare ya biyo shi daga wani ƙauye a hanya. Ya kore shi ya ƙi komawa. Suka yi shekaru tare, yana aikin gona a Sudan yana tara guzuri, karen na gadinsa. Da suka iso bakin teku, mai jirgi ya ce ba ya ɗaukar kare.

"Na shiga na bar shi," in ji kaka. "Ya faɗo ruwa yana bin mu. Ina kallon kansa har na daina gani. Na zo ɗakin Allah, amaryata, amma a kan idon wannan dabba na zo."

Bai ƙara ba, mu ma ba mu ƙara tambaya ba.

Da kaka ya rasu, maigidana ya gaji tukubar tsire, ya gaji buhun. Ba wanda ya sa shi. Salka ta zama jarka, hutu ya koma Juma'a da Asabar, makiyayin ya mutu 'ya'yansa suka sayar da awakin suka shigo gari, amma karnuka ba su ƙare a dutsen ba. Jikokin waɗancan ne, ba mai su. Duk Asabar bayan asuba yana hanya.

Ni kuwa na daina zuwa tun ina amarya. A wani biki na ji mata biyu suna nuna ni, ɗaya ta ce ai matar mai karnuka ce. Maganar ta zauna mini a ƙirji shekara arba'in da wani abu. Na ware masa bahon wanki nasa daban. In ya dawo ba ya wuce bakin ƙofa sai ya tuɓe rigar dutse. Yaranmu na hana su binsa, na ce kada a hana su aure. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Abin da yake yi kawai, duk bayan wata biyu ko uku, in yana ɗaura takalmi, sai ya ce matsoraciya, yau ma ba za ki ba? In ce kai da 'yan'uwanka ku gaisa. Ya yi dariya ya fita.

A shekararsa ta ƙarshe roƙon ya canza, ni ce ban lura ba. Ya daina tsokana. Ya ce an gyara hanyar, hukuma ta sa alamu, ta shafa fenti a duwatsu, har da kujerun hutawa, mutane na zuwa da sanduna da takalma na musamman suna hawa don motsa jiki. Ya ce amma sabuwar hanyar ta kauce wa tsagin nan, wanda bai sani ba ba zai gane shi ba. Ɗanmu yana kai shi a mota ya ajiye shi a gindi, bai taɓa hawa ba. Ya ce daga shi sai ni muka san wurin a duniya, ni kuma na san shi ne da idon yarinya.

Asabar ɗin ƙarshe iyayen saurayin jikarmu za su zo gaisuwa da la'asar. Ina tsakiyar aiki ya tsaya da jarka a hannu.

"Hajiya, zo mu je. Kafin azahar mun dawo."

"Yau? Baƙi na zuwa ka ce in je in kwaso warin kare? Ka rufa mana asiri ko na yini ɗaya."

Sai ya ce to, Allah ya kai mu wani makon. Ya dawo kafin azahar kamar yadda ya ce, ya tuɓe a bakin ƙofa, ya yi wanka, ya karɓi baƙi da fara'a. Ranar Talata ya faɗi a wajen tukuba. Ranar Alhamis da hantsi ya cika a asibiti.

Sai takaba. Wata huɗu da kwana goma ina cikin ɗaki, kuma ta faɗo a tsakiyar zafi, lokacin da ko ƙarfen taga ba ya taɓuwa. Mata na zuwa suna cewa in yi haƙuri, suna zaton shi kaɗai nake yi wa kuka. Ni kuwa duk Asabar ina ganin kwarmin nan a bushe. Na roƙi ɗana ya je. Ya je sau biyu, ya bi fenti har ƙarshe, ya dawo da jarkar a cike. Ya ce Umma, wallahi ba wani tsagi, duwatsun duk iri ɗaya ne.

Ranar da na fita takaba, Asabar ta farko, na ce ɗana ya kai ni. Ban gane gindin dutsen ba. An yi wajen ajiye motoci, an sa allo. Muna tsaye sai ga wata karya ta gangaro, ja, tana ɗingishi, haƙarƙarinta a waje. Maigidana ya sha ba ni labarinta ina yi kamar ba na ji, ya ce su uku ne, ita ce uwar. Ita kaɗai ta zo. Ta shinshina jarkar, sa'an nan ta leƙa bayana, ta zagaya motar, ta dawo ta sake leƙawa. Na san wanda take nema.

Sai ta shige gaba ta tsaya tana waiwaye, kamar yadda kakanninta ke yi mana. Ta san hanyar. Na bi ta, ɗana na riƙe da hannuna. Kwanar hanya ta farko na wuce. A ta biyu gwiwoyina suka ƙi. Na zauna a kan kujerar da aka kafa wa masu yawo, ita tana can sama a kan dutse tana jira, ni ina ƙasa ina kuka. Na ce ɗana ya bi ta, amma da ya matsa sai ta gudu, ba ta san shi ba.

A ƙarshe ta sauko. Na zuba mata ruwa a kwanon da na zo da shi don shan kaina. Ta sha, ta lashi bayan hannuna. Na wanke sau bakwai da na koma gida, har da ƙasa, kamar yadda aka koya mini, ban ga ya ɗauke ni ko minti biyar ba. Abin da na guje wa shekara arba'in ke nan.

Yanzu in ɗana ya sami sarari yana kai ni gindin dutsen, in ajiye kwano a inuwar allo. Wani lokaci ta zo, wani lokaci ba ta zo ba. Sauran biyun ban taɓa ganinsu ba, kuma ba na tambayar kowa. Masu sanduna na wucewa suna gaishe ni, suna zaton jiran wani nake. Kwarmin yana can sama da falalen dutsensa, ba wanda zai ƙara buɗe shi.

A asibiti, ranar Laraba da la'asar, ya farka ya gan ni zaune. Na matsa don in nemi gafararsa. Shi ne ya riga ni, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Matsoraciya, na cika jarkar, tana bayan ƙofa. Asabar mu je tare. Zan yi tafiya a hankali."