Hular nutso ta Mijinyawa

Mijinyawa ya tsufa a kasuwar Gadarif yana liƙe bokiti da butar shayi da dalma. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake kwana a gida. 'Yarsa Batulu tana aure a Doka.

Wata rana ta aiko cewa jikarsa Dije za ta fito a matsayin mai nutso a teku a wasan kwaikwayo na madarasa, tana son hular ƙarfe. Ranar Juma'a za su zo su karɓa. Tsoho ya share tsakar gida, ya sayi sukari.

Ya yanka tsohuwar garwa, ya sa mata gilashi ta gaba, ya liƙe ko'ina yadda hannunsa ya saba. Babu wanda zai gwada wa, sai ya kifa a kansa. Gilashi ya yi gumi, numfashi ya gagara. Dole ya cire, ya ɗauki ƙusa ya huda aikinsa don iska ta shiga.

Ranar Juma'a Mudi direban lori ne ya yi sallama.

"Baba, girbin dawa ya riƙe su. Sun ce in karɓo."

Mijinyawa ya naɗe hular a buhu. "To, madalla. Zauna ka sha shayi mana."

"Wallahi fasinja na jira, Baba."