Ranar da Na Taɓa Bindigar Maigida

A gidan da na yi aure mace ba ta taɓa bindiga. Haka na tarar, haka na bi shekara da shekaru. Bindigar maigidana harba-ka-ruga ce, gadon mahaifinsa, tana rataye a bayan ƙofar ɗakinsa. In zan yi shara sai in kewaye ta kamar yadda ake kewaye mai salla. An ce hannun mace yana karya asirin da ke jikinta. Ni ban taɓa yarda da asirin ba, amma ina son zaman lafiya.

Shi manomi ne. Gonarsa tana kan hanyar Zugurma, inda birai ke saukar wa masara gari guda da zarar ta fara nuna. Don su yake riƙe da bindigar. Wani lokaci kuma Allah ya sa ya dawo mana da zabin daji ko gada, mu yi farfesu, mu kai wa maƙwabta.

Harsashi shi yake zuba abinsa. Ya samo dalmar tsohon batir a wurin masu gyaran mota, ya narka ta a bayan gida, ya zuba a wani ƙarfe mai baki biyu kamar awartaki. Ƙarfen ya tsufa, bakinsa ba ya haɗuwa daidai, saboda haka kowane harsashi da ɗan tozo yake fitowa, wani ya yi ƙiba wani ya rame. Wanda ya yi ƙiba ba ya shiga bindiga, in kuwa aka matsa masa yana iya fasa ta a hannun mai ita. Dole a daidaita su, a kuma shafa musu abin da zai sa su zame. To, yadda mahaifinsa ya koya masa shi ne da baki. Ya jefa harsashi a baki, ya ciccije tozon da turamen haƙoransa, ya jujjuya shi da harshe har ya ji ya yi sumul. A gona ma a kumatu yake ajiye biyu ko uku, kamar mai tsotsar alawa. Su maharba a wurinsu yawun ba don santsi kaɗai ba ne. Sun ɗauka dalmar da ta sha yawun mutum ta san shi, ba za ta kauce masa ba.

Ina amarya abin dariya yake ba ni. Sai da gemunsa ya fara furfura sannan ciwon ciki ya zo. Murɗa ce mai sa babban mutum ya durƙusa a tsakar gida yana riƙe da turmi. Bayan gida ya gagara. Mutumin da ba ya ɗaga murya ya koma faɗa a kan gishirin miya. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar da buta ta suɓuce daga hannunsa yana alwala. Ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Wuyan hannunsa na dama ya lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana.

A asibiti wata likita ta ɗaga leɓensa, ta nuna mini wani baƙin zare da ya bi gindin haƙoransa. Ta tambaye shi ko yana aikin batir, ko fenti, ko haƙar zinariya. Ya ce shi manomi ne. Ina tsaye a bayansa, na ji bakina ya buɗe da kansa, na ce yana tauna dalma. Kallon da ya yi mini har yau ina tuna shi. Likitar ta ce za su ba da magani, amma in bai daina ba, banza ne. Bayan hannu ƙoda ce, bayan ƙoda kuma sai abin da Allah ya yi. A makarantar sakandare an taɓa gaya mana dalma guba ce. Na rubuta a jarrabawa na ci, ban taɓa haɗa ta da abin da ke kumatun mijina ba.

Yayansa, wanda shi ne babba a gidansu kuma shi ma maharbi ne, bai karɓi maganar ba. Ya ce sammu ne, aikin wani da suka yi jayayyar iyakar gona da shi. Ya ce ubansu ya tauna dalma har ya tsufa. Na so in tuna masa cewa ubansu a shekarunsa na ƙarshe sai an ba shi abinci a baki, amma na haɗiye. Aka kawo rubutu, aka kawo jiƙo. Rubutun ni da kaina nake miƙa wa maigida, don sunan Allah ba ya cutarwa. Sai dai ana shan rubutu da safe, ana tauna dalma da hantsi.

Na roƙi maigida ya kai bindigar maƙera a yi masa abin da zai riƙa gwada harsashi da shi. Ya ce so nake gari ya ji ya tsorata da aikin ubansa. Na ce to ni zan je, kuma ina neman izini. Ya yi dariya, ya ce in je, maƙeri ne zai koro ni.

Maƙerin bai kore ni ba. Dattijo ne, Hausarsa da ɗan karin Kambarci, yana zaune a rumfarsa a gefen kasuwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce aikin ba wuya, amma sai ya san faɗin ramin bindigar, don kowace da nata.

“Hajiya, ko dai ki kawo ta in gani, ko ki kawo mini sawunta.”

Ranar Juma'a, da maigida ya tafi masallaci, na shiga ɗakinsa. Na yi bisimilla na sauko da ita. Ta fi yadda nake zato nauyi, tana warin hayaƙi da tsohuwar fata. Na dangwala bakinta a kan curin sabulun salo, na mayar da ita wurinta. Ba abin da ya same ni, ba abin da ya same ta.

Sai dai na yi wauta. Na ƙunshe sabulun a leda, na hau acaba da tsakar rana, na kuma tsaya sayen kayan miya. Kafin in isa maƙera ya yi laushi ya baje. Dattijon ya juya shi a hannu, ya tambaye ni ko mijina da tulu yake harbi. Har masu jiran a wasa musu fartanya sai da suka dara. Ya ce in nemi kakin zuma, shi ba ya saurin narkewa.

A hanyar komawa na yi ta tunani. Sawun farko a ɓoye na ɗauka, kuma ɓoyon ya dame ni. Na ce wa raina na biyun a gabansa zan yi.

Washegari da la'asar maigida yana zaune a tabarma shi da Yaya. Na ɗumama kakin a murfin tukunya, na wuce su na shiga ɗaki, na fito da bindigar a hannuna. Yaya ya miƙe tsaye, ya ce innalillahi, na kashe musu gado. Maigida bai tashi ba. Ya ce, “Ke, ajiye.”

Na ce, “Malam, tun da na zo gidan nan ban taɓa ƙin umarninka ba. Yau kam zan ƙi. Jiya ma na taɓa ta, ga ni ga ta. In asirinta ya karye ya karye. Ni hannun da ke ɗaga buta nake so, ba na bukatar gada.”

Yaya ya ce ga abin da boko ke jawowa. Na ce masa, “Yaya, ba a boko na ji cewa jiki amanar Allah ne ba, a islamiyya na ji. Kai ne za ka wanke shi in ya kwanta, ko ni?”

Na dangwala bakin bindigar a kakin a gabansu, na mayar da ita bayan ƙofa. Yaya ya ɗauki takalmansa ya fita ko sallama babu. Maigida ya kwana biyu ba ya amsa mini sai da kai.

A maƙera dattijon ya baza mini abubuwan da zai iya yi. Ya fara da magagari, ya ce da shi wasu ke goge tozon. Na ce a'a. Magagari gari yake fitarwa, kuma na san mijina, da baki zai hure shi, sauran ya zube inda kaji ke kiwo. Ya nuna mini wani farantin ƙarfe mai ramuka da yawa, manya da ƙanana, ya ce wannan maharba suka fi so don ana ara wa juna. Shi ma na ƙi. Na daɗe ina tankaɗe, na san in rariya ta yi wani rami babba duk tsakin ta can yake bi. Ga shi in ana ara, wata rana zai tafi gidan Yaya ya ƙi dawowa, a koma gidan jiya. Na ce ya yi mini faranti mai kauri da rami ɗaya tak, daidai da sawun da ke jikin kakin, da wata 'yar sanda mai ƙotar itace mai kauri wadda hannu marar ƙarfi zai iya dannawa da tafi. Ya dube ni, ya ce ashe hannun har ya kai haka. Na ce ya kai.

Saura abin da zai maye gurbin yawu. Wannan kam aikin madafa ne, ban tambayi kowa ba. Na ɗiɗɗiga mai iri-iri a murafen kwalba na jera a kan katanga. Man gyaɗa ya tsiyaye. Man shanu da kitse kafin azahar tururuwa ta yi musu taro. Yaya ya aiko matarsa ta ce, tunda na zama maharbiya, in sa baƙin mai na inji mana. Na ce ta gaya masa ba zan dafa naman da baƙin mai ya shiga ba. Man kaɗen da nake saya wurin wata mata 'yar Sahon Rami shi ya zauna lafiya, ya yi laushi bai gudu ba. Na narka shi da ragowar kakin nan, na zuba a gwangwani mai murfi.

Na ajiye farantin da gwangwanin a kan tabarmar maigida. Ya ture su gefe da ƙafa. Na ɗauke, na goge, na sake ajiyewa washegari. Haka muka yi ta yi. Ban fasa ba, kuma duk sujada sai na ambace shi.

Da masara ta fara nuna ya yi sabon zubi. Ina tsince shinkafa a ƙofar madafa ina kallonsa ta wutsiyar ido. Ya ɗauki harsashi ɗaya, hannunsa ya nufi baki kamar kullum. Kafin ya kai, yatsun suka saki, harsashin ya gangara har gindin randa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya jawo farantin, ya ɗora wani a kan ramin, ya danna da tafin hannu. Ya faɗo ta ƙasa sumul, tozon ya rage a sama kamar ɓawon gyaɗa. Ya buɗe gwangwanin ya sansana. Sai na ga leɓensa yana motsi, yana karatu, ya yi tofi a cikin man, ya gauraya da tsinke.

Bai ɗago ba ya ce, “Ai dai ya sha yawun.”

Na ce, “Ya sha, Malam.”

Murɗar cikin ta tafi a hankali, tare da maganin asibiti. Hannun bai dawo duka ba. Har yanzu da hagu yake ɗaga buta in ta cika. Yaya yana nan yana tauna tasa, kuma in na gaishe shi sama-sama yake amsawa. Duk lokacin da maigida ya yi harbi ya kuskure, sai Yaya ya aiko a gaya mini. Ni kuma in ce a gaya masa na ji, kuma farantin ba na aro ba ne, amma in yana so na san maƙerin.