Rijiyar da Ta Koma Ƙasar Faranshi

Shekarar da annoba ta kulle mu a gida, muna zaune a ƙasar waje, a hawa na tara a unguwar Pantai Dalam, ni da maigidana da 'yarmu Ummi. Wata rana tana darasin tarihi ta kwamfuta ta juyo ta ce, "Mami, wai Turawa biyu ne suka yi musayar Melaka, wani gari a ƙasar nan, ba a tambayi mutanen garin ba. Boleh?" Wato da yaren ƙasar, ana yin haka? Na ce ana yi. Sai kakata Iya Tabawa ta faɗo mini a rai.

A ƙauyenmu na bakin iyakar Nijar, da sanyi bayan magariba Iya kan hura wutar kara, mu jikoki mu kewaye ta. Tatsuniyoyin dariya ta fi yi. Amma akwai labarin da in za ta fara sai ta ajiye mazarinta ta ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce, kakana ne."

Kakan nata shi ne mai gari. Baturen Ingila ya zo da tafinta da kyautar alkyabba, ya ce fatu da ƙaron garin shi kaɗai za a riƙa sayar wa, shi kuma ya kare su daga mahara. Mai gari ya dangwala hannu a takarda. Da kaka Bafaranshe ya zo da bindigogi biyu da irin takardar. Ita ma ya dangwala.

Dattawa suka ce, "Ranka ya daɗe, in suka haɗu fa?"

Ya ce, "Su yi ta faɗansu, mu mu sha iska."

Nan muryar Iya kan yi ƙasa. "Ba su yi faɗa ba, 'yan nan. Zama suka yi a ƙasarsu suka ja layi." Sojoji suka zo suka kafa turaku: gidaje a nan, rijiya da maƙabarta a can. Mai gari ya fito da takardunsa biyu, aka tafi da shi a ɗaure, ba a ƙara ganinsa ba. 'Ya'yansa da ke unguwar rijiya suka wayi gari 'yan wata ƙasa.

Ina yarinya na ɗauka baki biyun da ya yi ne ya ja masa. Sai da na girma na gane ko ɗaya ya sa wa hannu sai an ja layin, don ba da shi ake shawarar ba.

A cikin kullen nan Iya ta rasu. Babu jirgi, a waya na yi kukana. Ƙanena ya ce danginta na tsallake, masu hango hayaƙin gidanmu, sun taso da safe, aka tare su, wai an rufe iyaka saboda cuta. A bakin turakun suka tsaya suka yi mata addu'a, suka juya.